Karkarwar mota a ralanti: laifin mai ne, na bakanike, ko namu?

Duk wanda ke shiga taksi a Yamai, ko yake bin motocin haya tsakanin Maraɗi da Tasawa, ko Tawa da Ƙonni, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau, ko da kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da zarar mota ta tsaya a jan wuta ko a shingen jandarma, sai ka ji jikinta ya ɗauki karkarwa kamar mai masassara, madubi na rawa, kujera na rawa, injin na shaƙewa yana neman mutuwa. Direba ya ɗora ƙafa a kan totur yana ɗan dannawa don kada ta mutu masa a tsakiyar titi, idan kuma aka yi rashin sa'a ta mutu, to fasinjoji ne za su sauko su tura. Kanikawanmu suna cewa mota ba ta riƙe ralanti, maƙwabtanmu na Najeriya su ce ba ta da silo. Sunan ne ya bambanta, ciwon ɗaya ne.

Abin ya zama ruwan dare, har ma da yawa daga cikin masu motoci sun daina ɗaukarsa a matsayin matsala, sai ka ji suna cewa ai halin tsohuwar mota ke nan. Waɗansu kuma sun gaji da zaryar gareji: yau a canza buji, gobe a wanke wannan, jibi a ce a sayo wancan, motar ta yi lafiya kwana uku sannan ta koma gidan jiya. Mu a ganinmu wannan magana ta wuce ta gareji kaɗai. Ta shafi man da ake sayar mana, ta shafi irin motocin da ake shigo mana da su, da kuma ilimin da ke hannun masu gyara su. Kuma a ko'ina ka duba za ka tarar da cewa ba a auna komai, lalube ake yi cikin duhu, mai mota ne kuma ke biyan kuɗin laluben.

Kafin mu shiga batun wa ke da laifi, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin injin idan mota na tsaye tana aiki. Injin da ya riga ya yi zafi yana juyawa ne tsakanin sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. A mota mai silinda 4, irin su Starlet da Corolla da suka cika titunanmu, idan injin na juyi 750 a minti, to wuta na tashi a cikinsa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a kowace daƙiƙa. Kowace tashi ɗaya tana bukatar iska daidai, mai daidai, tartsatsin buji a kan lokaci, da matsi mai kyau a cikin silinda. Idan silinda guda ta riƙa fashi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin ya tafi, sauran ukun su yi ta jan ta, shi ne karkarwar da fasinja ke ji a kujerarsa. A lokacin gudu ƙarfin juyi yana rufe wannan aibi, amma a ralanti ƙofar iska kusan a rufe take, iskar da man da ke shiga kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ƙaramin kuskure ma sai ya bayyana. Shi ya sa masana ke ɗaukar ralanti a matsayin wurin da injin ke fara faɗin ciwonsa.

Mu fara da iska, tunda ita ce aka fi mantawa da ita. Injin mai aiki da isansi yana bukatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Idan aka mayar da lissafin a lita, kowace lita ɗaya ta isansi tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. To a duba irin iskar da muke da ita daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Damagaram da Tawa har rana ta koma kamar faranti, a haɗa da hanyoyin laterit da na rairayi da motocin kasuwannin ƙauye ke bi kullum. Duk wannan ƙura matatar iska ce kaɗai ke tsaye tsakaninta da cikin injin, ita kuwa takarda ce. Abin da aka saba yi a garejinmu shi ne a ciro ta, a buga ta da taya, a hura mata iska mai ƙarfi, a mayar. A yi haka sau biyar sau goma, har takardar ta yage a inda ido ba ya gani. Mun ma sha ganin motocin da aka cire musu matatar gaba ɗaya wai don injin ya sha iska. Ƙurar da ta wuce takan manne a ƙofar iska da ɗan bawul ɗin da ke daidaita ralanti, ta lulluɓe siririyar wayar da ke auna yawan iskar da ke shiga, ragowar kuma ta sauka cikin silinda ta riƙa cin ƙarfe kamar takardar goge katako.

Zafi ma yana nasa aikin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 har ya doshi 45 a inuwa, robobin da ke ƙarƙashin murfin injin suna bushewa su tsattsage. Tiyo guda mai kaurin ɗan yatsa idan ya tsage, iskar da ba a auna ba za ta riƙa kutsawa, man ya yi wa injin kaɗan, mota ta kama karkarwa. Kuɗin wannan tiyo bai taka kara ya karya ba, amma da yake ba a neme shi ba, sai a bar jaki a yi ta dukan taiki.

Sai batun mai, wanda shi ne kowa ya fi ɗora wa laifi. Idan ba a manta ba, shekara da shekaru kudancin ƙasar nan ya dogara da man Najeriya da ake shigowa da shi ta bayan fage, ta Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya da Matamai da Gaya, a jarkoki bisa babura da tsofaffin motocin da aka faɗaɗa wa tanki. Ƴan ruwa-ruwa sun ciyar da gidaje masu yawa da wannan sana'a, kuma a ƙauyukan da babu gidan mai ko ɗaya, in ba don teburinsu ba da babur ɗin da zai kai mai naƙuda likita bai tashi ba. Gaskiya ce wannan, kuma duk mai son a yi gyara dole ya fara amincewa da ita. Sau da yawa ma man da suke saye a can gidan mai ne na halal ya sayar musu. Ɓarnar a hanya take faruwa: jarkar da jiya aka zuba mata gazuwal ko kananzir, durom mai tsatsa, mazurarin da ke kwance cikin ƙasa, tsumman da ake tacewa da shi, da kwalbar da ke shan rana tun safe har la'asar, alhali sashen man da ya fi saurin kama wuta shi ne ke fara tashi idan ya ji zafi. Ban da marasa tsoron Allah da ke haɗa shi da kananzir da gangan idan sun ga da riba. Kananzir ba ya ƙonewa yadda isansi ke ƙonewa, yana sa injin ƙwanƙwasa, ya bar baƙin toka a kan buji, ya kuma zurara ya tsinka baƙin man da ke kare injin.

To amma kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga famfon gidan mai tsarkakakke ne. A watan Fabrairu na 2022, kamfanin man Najeriya da kansa ya amsa cewa an shigo wa ƙasar da isansi daga tashar jiragen ruwan Antwerp ta Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, motoci da dama suka lalace, aka janye shi daga kasuwa, aka kuma yi makonni ana layi. Wannan mai ta babbar ƙofa ya shigo, da takardunsa. Tun kafin nan, a watan Satumba na 2016, wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda manyan ƴan kasuwar mai ke haɗa wa Afirka ta Yamma mai na musamman, wanda sinadarin sulfa da ke cikinsa ya ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Idan har manyan ƙasashe masu tashoshin ruwa da ɗakunan gwaji suna shan irin wannan, to ina ga direban da ke tsaye a bakin hanyar Madawa da kwalba a hannu?

Mu a nan Nijar, tun ranar 28 ga Nuwamba 2011 muke da matatarmu ta SORAZ a arewacin Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, SONIDEP kuma ke rarraba shi. Duk da haka man Najeriya ya ci gaba da cin kasuwa saboda araha, har zuwa ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ake saye a can ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A nan gida kuma, a watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Sai lissafi ya juye, jama'ar da a da ba su san hanyar gidan mai ba suka kwararo. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya a watan Maris na 2025, lokacin da aka yi ta kwana a layi a Yamai da sauran manyan garuruwa, hukumomin SONIDEP da kansu kuma suka bayyana cewa ƙafewar man sumoga na cikin dalilan ƙarancin. Abin da ya shafi batunmu a nan shi ne, lokacin ƙarancin mai shi ne kakar masu algus. Wanda ya kwana biyu yana nema ba ya tambayar asalin abin da aka zuba masa, kuma gidan man da tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya kusa ƙafewa, abin da ya kwanta a gindi yake turo wa mutane.

Shi wannan tanki na ƙarƙashin ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwa ya fi mai nauyi, kullum a ƙasa yake taruwa. Idan murfin tanki bai rufu da kyau ba, ko tankin ya tsufa ya fara tsatsa, ruwan damina na samun hanya. Wanda ya ga irin ambaliyar da aka yi a Maraɗi a ƙarshen watan Agusta na 2024 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Akwai wani man shafawa da ake shafa wa sandar awo, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwa, aikin minti biyar ne. Muna da hukumar ARSE mai sa ido a kan harkar makamashi, muna da ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya. Tambayar da muke yi musu ita ce: idan direba a Gidan Runji ko Mirya ya sha mai yau, gobe motarsa ta kama karkarwa, ina zai kai kwalbar man a auna masa? Wa zai ba shi takardar sakamako da zai riƙe ya nemi hakkinsa? Muddin talaka bai san amsar wannan tambaya ba, to mai gaskiya da maƙaryaci a cikin masu sayar da mai farashinsu ɗaya ne a kasuwa.

Su ma masu motoci suna da nasu kason. Talauci ya koya mana shan mai na jika ɗaya, jika biyu, allurar tanki kullum tana kwance a kan ja. A motocin zamani famfon mai a cikin tanki yake, man ne kuma ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake kusan wayam yana gajiyar da famfo, da zarar an sha kwana ko an hau gangare sai ya zuƙi iska. Famfon da ya raunana ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali yake rage matsi, mota ta riƙa shaƙewa ana neman dalili a wani wuri. Mun san ba kowa ke da halin cika tanki ba. Amma wanda ke shan lita 5 kullum, kuɗin da zai kashe ɗaya ne ko tankin na ƙasa ko yana tsakiya, wahalar ta cikawar farko ce kawai.

Yanzu mu dubi motocin kansu. Waɗanda suka manyanta sun san zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970. Mota ce mai kafireta, bakanike da sukudireba da kunnensa sun isa su daidaita ta a gindin bishiya, kuma tana haƙuri da mai ko da ba shi da kyau sosai. Motocin kwatano da suka maye gurbinta ba haka suke ba. Ƙwaƙwalwar lantarki ce ke raba mai ta injekta masu ƙofofi sirara kamar gashi, bisa labarin da na'urori biyar ko goma ke aiko mata. An ƙera su ne don mai tsabta da iska mai tsabta. Sannan ba sababbi suke zuwa mana ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a watan Oktoba na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Haka kuma, masu binciken gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke jiran jirgi a tashoshinsu sun tarar yawancinsu sun shekara 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiya, waɗansu ma an riga an yanke musu matatar hayaƙin da ke jikin salansa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Ke nan motar da mutum ya yi walimar sayenta a Zariya ta Maraɗi, mai yiwuwa ne can inda ta fito an riga an yanke mata hukuncin zuwa bola.

A shekarar 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'idar rage sulfa a cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, tare da iyakance shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ba mu shiga muhawarar siyasar wannan mataki ba a nan. Abin da muke cewa kawai, injin mota bai san CEDEAO ba bai san AES ba, ƙa'idar da aka baro can dole a sami wadda za ta tsaya a madadinta a nan, a kuma sanar da jama'a.

Mun zo kan kanikawa, kuma muna roƙon su yi mana kyakkyawar fahimta. Mutane ne masu basira, waɗanda ke tayar da motar da Bature ya yafe, da kayan aikin da ba su cika akwati ɗaya ba. Sai dai mafi yawansu sun koyi aiki ne a hannun maigidan da shi ma ya koya a kan kafireta, motar kuma ta canza ta bar su. Daga nan ne waɗansu ɗabi'u suka samo asali da suka zama kamar doka a gareji. Ta farko, idan mota na karkarwa sai a ƙara mata ralanti, a ja wayar totur ko a murɗa sukurun da kamfani ya hana a taɓa, injin ya koma juyi 1,200 ko fiye. Karkarwa ta ɓuya, mai mota ya biya ya tafi yana godiya, alhali ciwon na nan, an dai ƙara masa shan mai. Wata ɗabi'ar ita ce cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya yi zafin da ya dace, wai ƙasarmu da zafi ba ma bukatarsa, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Sakamakon shi ne injin ya daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake ta ci gaba da ƙara mai, buji ya yi baƙi, karkarwa ta dawo. Mafi muni kuwa ita ce ta fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba: idan ta ƙi mutuwa sai a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Wata tsohuwar Corolla da muke zirga-zirgar aiki da ita ta yi wata huɗu tana wannan ciwo. An canza buji sau biyu, an canza bobin, an sauke tanki an sa sabon famfo, har an fara maganar a sauke injin. Wani yaro ne a wani gareji na daban, da ya kasa kunne ya ji ƙaramin shiii a bayan injin, ya zura hannu ya fito da tiyon da ya tsage. Abin da aka kashe kafin a kai ga wannan tiyo ya isa buhunan hatsi, kuma babu ko ɗaya daga cikin kayan da aka cire da aka dawo mana da shi.

Kasuwar kayan gyara ita ma wani ciwon ce. Buji da matata da bobin na jabu sun cika shaguna, a cikin kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani, har mai shagon wani lokaci bai iya bambancewa ba. Shi ya sa da yawa suka fi yarda da tsohon kayan da aka ciro daga motar Turai a kan sabon da ke cikin leda. Rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da komawar kaya ta doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, sun ƙara wa kayan kirki tsada da jinkiri, na jabu kuwa ba ya rasa hanya. Illar a nan biyu ce: an yi asarar kuɗi, sannan an ɓatar da sawun ciwon, domin bakanike zai ce ai buji sabo ne, ya tafi neman laifi inda babu shi.

Alhali motar da kanta tana iya faɗin inda ke mata ciwo. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da ake sayarwa a Amurka ta kasance da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin isansi. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke fashi, P0300 fashin ba shi da wuri ɗaya, P0171 kuma iska ta fi mai yawa. Ƙaramar na'urar da ke karanta waɗannan lambobi ta wayar salula ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Sai dai a yi hattara, domin an fara samun masu cewa sun sa wa mota kwamfuta, su goge lambar, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi. Lambar ba ta cewa a canza kaza, tana nuna unguwar da za a nemi ɓarawo ne kawai. P0171 tana iya zama tiyo, tana iya zama famfo, tana iya zama ƙura a na'urar auna iska, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai motar da ke fama yanzu, shawararmu ita ce ya je gareji da bayani, kada ya je da cewa mota ba ta da lafiya kawai. Yaushe ta fara? Idan washegarin shan mai a wani wuri ne, a zuƙo kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi. A ɗiga kaɗan a farar takarda: isansi mai kyau yana bushewa bai bar komai ba, wanda aka haɗa da kananzir ko gazuwal yana barin tabon maiƙo. Idan tana karkarwa a tsaye amma ta daidaita a gudu, a fara da tiyoyi da ƙofar iska da bawul ɗin ralanti. Idan kuma sai an taka ta ko ta ɗauki kaya take fizga, a dubi buji da bobin da matsin famfo. Idan jiki na rawa amma allurar juyin injin na tsaye cak, mai yiwuwa injin lafiyarsa lau, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu. Buji ma shaida ne, a nemi a gan shi da ido: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai na haurowa, fari fat kuma man ya yi kaɗan. Kada kuma kowa ya yarda a sauke masa injin ba a auna matsin kowace silinda an nuna masa lambobin ba. Fitilar injin idan tana ƙiftawa, ba wai ta kama ta tsaya ba, to fashin ya yi tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin salansa, a tsaya. Masu gazuwal kuma su fara da matatar mai da kofin da ke tare ruwa a ƙarƙashinta, su duba ko iska na shiga layin mai, kafin a taɓa famfon injekta mai tsada.

Wani zai ce duk wannan dogon zance a kan karkarwa kawai? Mu yi lissafi. Mu ɗauka ɗan taksi yana asarar lita 2 a rana saboda an ƙara masa ralanti kuma an cire masa tamostat. A farashin sefa 499, kusan jika ɗaya ke nan kullum, jika 30 a wata, daga aljihun mutumin da sai ya cika wa mai mota kuɗinsa kafin ya kai cefane gida. Hayaƙin kuma ƴan talla da ƴan sandan da ke tsaye a mararraba ne ke shaƙarsa. Bayan kuɗi akwai rai. Injin da ya mutu mota na tafiya, sitiyari yana yin nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu yana sandarewa, domin daga injin yake samun taimako. A yi tunanin Hiace cike da mutum 19 ta yi haka a kan babbar hanya ta ɗaya da tirela a bayanta, ko motar ɗaukar marar lafiya ta mutu tsakanin Dakwaro da Maraɗi da tsakar dare.

Abin da ake bukata daga magabata bai fi ƙarfinsu ba. Asusun FAFPA an kafa shi ne don horar da masu sana'a, muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a a kananan hukumomi. Ba sai an jira yaran da za su fito nan da shekara uku ba, masu garejin da ke aiki yau su ne ya kamata a kira, da yamma bayan an tashi, a koya musu lantarkin mota da Hausa da Zabarmanci, a kan motocin da suke gyarawa kullum, tare da rancen na'urar bincike da ma'aunin matsi. Binciken lafiyar mota da ake biya wa kuɗi ya kamata ya haɗa da auna hayaƙi da duba ko fitilar injin na aiki, ba karɓar takarda kaɗai ba. A kowace babbar jaha a sami wuri ɗaya da aka sani, inda ɗan ƙasa zai kai mai a auna, a kuma riƙa buga sunayen gidajen man da aka gwada da sakamakonsu a jaridu da gidajen rediyo. Ƙungiyoyin direbobi, da suke da ƙarfin tsayar da tasha idan an ƙara musu haraji, za su iya sayen na'ura ɗaya su ajiye a kowace tasha, su kuma tsayar da doka tsakaninsu da kanikawa cewa duk abin da aka cire daga mota a miƙa wa mai ita, a rubuta masa abin da aka canza da ranar da aka canza shi.